Yadda Za Ka Sa Kwamfuta Ta Yi Amshi Ba Tare da An Gane Kai Ɗan Makaɗi Ba Ne

Kai ma'aikacin gwamnati mai farar taguwa da nektai, wanda aka damƙa wa na'urar nan mai ƙwaƙwalwa da ake ce wa kwamfuta, matso kusa ka ji. In kana son ka sa ta yi kiɗa har da amshi, manya su tafa maka, ka kuma tashi daga wurin ba wanda ya shinshino cewa a gidan makaɗa aka binne cibiyarka, to ka faɗo hannun gwani. Hanyar da zan ba ka gwadaddiya ce. Na ɗaukar maka alkawarin nasara ɗari bisa ɗari, domin akwai wanda ya bi ta a nan Kaduna cikin shekarar 1977, kuma saura ƙiris ta yi masa aiki.

Sunansa Malam Rabe. Riƙe "Malam" ɗin nan da kyau, don a kansa ake duk wannan wahala.

Mataki na 1: Binne asalinka, ka tattake wurin

Ranar da aka ɗauke ka aiki za a miƙo maka fom, a ciki akwai layin da ke tambayar sana'ar uba. Kada ka tsaya tunani. Rubuta "ɗan kasuwa". Kasuwa faɗi gare ta, kowa ya shiga cikinta ya ɓace.

Haka Rabe ya yi shekara huɗu kafin wannan labari, a wani ofishin ƙididdiga na gwamnati da ba zan faɗi sunansa ba, inda ake ƙirga 'yan firamare da shanun da aka yi wa allura. Mahaifinsa kuwa Ɗanasabe mai kalangu ne, makaɗin mahautan Abakpa, mutumin da in ya matse kalangu a hammata sai ka ga ƙaton mahauci ya ajiye wuƙa yana tsuma. A Abakpa wannan abin alfahari ne. A ofis kuwa, inda wannan jikan alƙali ne, wancan ɗan hakimi, ɗan makaɗi maroƙi ne ko da ya haɗiye littattafan duniya. Rabe ya ga yadda ake yi wa irinsa: a cire "Malam" daga sunanka, duk taron da aka yi a ce, "Kai, ɗan taɓa mana tebur mu ji." Abin da yake tsoro ke nan, kuma tsoro na gaske, irin mai hana cin tuwo.

Saboda haka ya kama ɗaki a Unguwar Dosa, ya sayi keke, ya koyi tafiya da jarida a hammata, daidai inda ubansa ke saka kalangu. Kai ma yi haka. In an kunna kiɗa a gabanka, ɗaure fuska ka tambayi ƙarfe nawa.

Mataki na 2: In na'ura ta yi kuka, yi kamar ba ka da kunne

Kwamfutar su Rabe ta kai girman kabad shida a jere. Ɗakinta daban, da na'urar sanyinta, kuma ba a shiga da takalmi, gata dai irin wanda ko shugaban ofis bai samu ba. Ba ta jin magana sai ta kati. A huhhuda kati da ƙananan ramuka, a jera, a ɗura mata, ta haɗiye, ta amayo takarda.

Mai huda katin ita ce Zuwaira, wadda yatsunta suka fi bakinta sauri, bakin nata ma kuwa ba baya ba. Wata rana ta ɗora 'yar rediyonta a kan kabad ɗin na'urar don ta ji filin gaishe-gaishe, sai rediyo ta bar gaisuwa ta kama kuka, wii, wuu, wii. Injiniyan da ke zuwa duba na'urar, wani Ba'indiye mai fara'a, ya ce ai motsin cikin na'urar ne rediyo ke kamawa. In ta yi sauri kukan ya yi sama, in ta sassauta ya yi ƙasa. Har ya bar musu wani ɗan tsari da ya rubuta don nishaɗi: kati ɗaya, sauti ɗaya. Harafi ya faɗi ko sautin na sama ne ko na ƙasa, lamba ta faɗi tsawon jansa. Ka jera kati, ka jera waƙa.

Nan ake gane mai iya ɓoyo. Injiniya ya ɗura wata waƙar ƙasarsu, kowa ya ce madalla. Rabe kaɗai ya yamutsa fuska, bakinsa ya suɓuce.

"A zagaye na biyu, sauti na bakwai ya zame," in ji shi.

Aka duba, ashe kuwa an huda katin ba daidai ba. Zuwaira ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam Rabe, ina ka samo kunne haka?"

"Lissafi ne," in ji Rabe.

Haddace wannan amsa. Duk abin da jini ya ba ka, ce lissafi ne. Ba wanda zai ja da kai, don ba mai son a ce ya fito gaban allo ya gwada.

Mataki na 3: Jira shugabanka ya shiga uku

Shugaban ofishin shi ne Alhaji Tijjani, mazaunin Unguwar Rimi, jikan alƙali ta wajen uwa da ta wajen uba, kamar yadda yakan tunatar da jama'a sau biyu a mako. Wata Litinin ya fito daga ofishinsa hula a karkace. Takarda ta zo cewa Babban Sakatare zai zo ranar Alhamis ta sama ya ga na'urar nan da ta cinye ɗaki guda.

To me za a nuna masa? Kwamfuta in tana aiki ba abin kallo, sai gunji da takarda. Wa ya taɓa tafa wa adadin shanu?

Rabe ya gyara nektai, ya matsa. "Yallaɓai, in an ba ni dama zan sa ta yi kiɗa."

"Kiɗa? Irin na Turawa?"

"Na gida, yallaɓai. Wani ne da na taɓa ji a rediyo."

"Kai kuma me ya haɗa ka da kiɗa, Malam Rabe?"

"Lissafi ne, yallaɓai."

Na san za ka ce, mai ɓoye asali me ya kai shi tsokano kiɗa? Tambaya ce mai kyau, kada ka sake yin ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara huɗu kiɗa na yi wa Rabe ƙaiƙayi a tafin hannu, ga shi yau ya sami hanyar da zai yi shi da nektai a wuya, a kira abin kimiyya. Ko kai ne ba za ka bari ta wuce ba.

Mataki na 4: Kada ka huda abu ɗaya sau goma

Rabe ya zaɓi kiɗan da ubansa ke tashin mahauta da shi da safe. Yana da buɗewa, sannan amshi, wato gaɓar da ƙananan ganguna ke ta maimaitawa. Ya zauna da fensir ya mayar da shi harafi da lamba. Buɗewa ta ci kati sittin, amshi arba'in. Ya ce a ransa bari a yi amshin ko sau goma ne, ya kai wa Zuwaira takarda.

Ta duba, ta ajiye. "Kati ɗari huɗu, duk abu ɗaya? Malam Rabe, yatsun nan nawa ne, ba na gwamnati ba. Ba ka karanta bayan takardar injiniya ba ne?"

Bai karanta ba. Ga abin da ke ciki, kuma shi ne ƙashin bayan wannan darasi. Amshi sau ɗaya ake huda shi. Sai ka sa wani kati a gabansa, katin shiga, ka sa wani a bayansa, katin komawa. Na'ura in ta iso katin komawa sai ta juya ta koma katin shiga ta sake biyowa, kamar akuyar da ke zagaye turke. A jikin katin komawa akwai gurbin lamba, inda za ka faɗa mata sau nawa za ta zagaya kafin ta wuce. Kati biyu sun ɗauke maka aikin ɗari huɗu. Da haka ake aikin gwamnati duka, da tuni an gama ƙirga shanun.

Zuwaira ta kama huda, har ta zo ƙarshen amshi ta tsaya. "Waɗannan huɗun fa? Ba sauti a kansu."

"Shiru ne. Haka kiɗan yake."

"Shirun ma sai an huda masa kati? Allah ya kyauta."

Bai gaya mata ba, amma shirun nan gurbin ubansa ne. A gida ƙananan ganguna sukan faɗi nasu su ja baki, babban kalangu ya ba da amsa, su sake ɗauka. Tun yana shekara shida Rabe ke riƙe wa uban 'yar ƙaramar gangar da ake ce wa kuntuku, shirun ya zauna masa a ƙashi. Bai ko zo masa a rai ba cewa a ɗakin kwamfuta ba wanda zai cike shi.

Ta ɗauko katin komawa, ta ɗaga yatsa. "To, sau nawa? Goman?"

Nan Rabe ya gane bai sani ba. Goman nan shaci-faɗi ne. Shekara goma yana buga amshin nan, bai taɓa ƙirga shi ba ko sau ɗaya.

Mataki na 5: Je ka tambayi mai abin, amma kada ka faɗa masa rana

Lahadi da hantsi, hau keke ka nufi Abakpa. Cire nektai tun daga kan kwana ka cusa a aljihu.

Rabe ya tarar da tsohon a zaure yana gyara tsarkiyar kalangu. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"A'a, manyan gwamnati! Yau an tuna da talakawa?" in ji Ɗanasabe. "Lafiya lau, Malam Rabe." Ya ja "Malam" ɗin har sai da ya kusa tsinkewa.

Inna ta aiko da fura. Sai da aka gama tambayar kowa da kowa, sannan Rabe ya yi gyaran murya.

"Baba, amshin kiɗan nan na tashin mahauta, sau nawa ake maimaita shi?"

Tsohon ya dube shi kamar an tambaye shi sau nawa ake tauna goro. "Kai da ka riƙe mini kuntuku shekara goma kake tambayata? Ba a ƙirga amshi, yaro. Fuska ake kallo. Wani sau uku ya ishe shi, jikinsa ya ɗauka. Wani taurin rai gare shi, sai ka kai masa ashirin. In ka yanke da wuri ka bar mutum da ƙishi, in ka zarce ka gundure shi. Akwai wani ɗan lokaci a tsakani da fuska ke sakewa. Nan ake sauka."

"To in ɗan amshin ba shi da ido fa?"

"Makaho ne? Ai yana da kunne."

"Kunnen ma babu."

"Wannan wane irin bawan Allah aka haɗa ka da shi?"

Dole Rabe ya kwance masa zance, daga kati har rediyo. Nan ya kamata ya tsaya. Amma daɗin baki ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa ranar Alhamis za a gwada a gaban Babban Sakatare.

"Ƙarfe na amshi! Allah mai iko," in ji tsohon. "Alhamis." Ya ci gaba da jan tsarkiya, can ya ce, "Af, na tuna. An ce mini a takardarku ni ɗan kasuwa ne. To me nake sayarwa? Faɗa mini, kada wata rana a tambaye ni in yi maka ɓaranɓarama."

Rabe ya kafa wa tabarma ido. Da ƙyar ya ce, "Fata, Baba."

Tsohon ya ƙwanƙwasa fatar kalangun da yatsa. "To, ba ka yi nisa da gaskiya ba."

Ya yi dariya, amma ba irin wadda ya saba ba. Kunya ta lulluɓe Rabe har ya kasa shanye furar.

Mataki na 6: Sa sifiri

Tunda makaɗi ya ce ba lamba, kada ka sa lamba. A can ƙasan takardar injiniya akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe: in ka huda sifiri a katin komawa, na'ura za ta yi ta zagayawa ba iyaka, har sai an danna makunni na uku a gabanta.

Rabe ya ji kamar an yi masa bushara. Na'ura ta riƙe amshi, shi ya riƙe ido. Da fuskar baƙo ta sake, sai ya danna, kiɗa ya sauka cif, a ce lissafi ne.

Zuwaira ba ta gamsu ba. "Ni dai sifirin nan bai kwanta mini ba. Abin da ba komai ba, a ce shi ne ba iyaka? In ka suma fa?"

"Namiji ba ya suma a bakin aiki."

"To, mun ji."

Sauran kwanakin yi amfani da su wajen koyon karanta fuska. Rabe ya yi ta ƙura wa mutane ido a ofis, har masinja ya tambaye shi ko wani abu ne a hancinsa. Alhaji Tijjani kuwa ya sa aka ja waya aka kafa lasifika a baranda, tunda ɗakin na'ura mutum goma yake ci, don ƙananan ma'aikata su ma su shaida ci gaba.

Mataki na 7: Kada ka kalli taga

Rana ba ta ƙarya. Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya motar Babban Sakatare ta tsaya. Ya cire takalmi kamar kowa, ya shiga da safa, manya na biye. Rabe ya tsaya gaban makunni na uku, yatsa a kai. Zuwaira ta ɗura kati, na'ura ta haɗiye, rediyo ta yi 'yar shaƙuwa, kiɗa ya tashi. Siriri ne kamar kukan sauro, amma daidai yake, ko zamewa babu. Daga baranda aka ji wani direba ya ce, "Kai! Ƙarfe na kiɗa!"

Amshi ya zo. Na'ura ta faɗi nata, ta yi shirun kati huɗu, ta koma. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Rabe ya ɗaga ido ya duba fuskar baƙo.

To a nan aka sami 'yar matsalar da ban hango ba. Babban Sakatare baƙin tabarau ne a idonsa, ga fuskar da shekara talatin na aikin gwamnati suka koya wa kada ta nuna komai. Ko ka ce masa an yi masa haihuwa, ko ka ce gidansa ya kama da wuta, fuska ɗaya zai ba ka. Rabe ya nema ya nema bai ga inda za ta sake ba. Garin neman ne idonsa ya zame ya faɗa taga.

Can gindin dalbejiya, bayan motoci, ga wani tsoho tsaye da shuɗiyar riga, kalangu a kafaɗa. Ba shigowa ya zo yi ba. Daga kasuwa yake, ya ratso don dai ya ji ɗan amshin ƙarfe da kunnensa ya koma. Kalangun kuwa shekara arba'in tsohon bai taɓa fita babu shi ba.

Rabe bai suma ba, a yi masa adalci. Amma yatsansa ya mutu a kan makunni, gumi ya keto masa cikin ɗakin sanyi. Sau bakwai. Sau tara. Manya suka fara gyara tsayuwa. Alhaji Tijjani ya matso yana murmushin dole, ya raɗa masa, "Malam Rabe, ya isa haka." Rabe bai ji ba. Na'ura kuwa ba ruwanta, sifiri aka ce mata. Ta faɗi nata ta yi shiru, ta faɗi nata ta yi shiru, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ba a amsawa.

Ɗanasabe ya daure har sau goma sha biyar, wanda a wurin makaɗi ba ƙaramar jarumta ba ce. A na sha shida, da shirun ya zo, kalangu ya faɗo ciki.

Ya cike gurbin nan daidai, ko gashi bai rage ba. Na'ura ta sake, ya sake ba ta amsa, amma wata daban. Ita abu ɗaya take faɗa, shi kuwa bai maimaita kansa ba ko sau ɗaya. Nan ya matse tsarkiya kalangu ya yi kuka, nan ya sassauta ya yi gunaguni. Baranda ta ɗauka, direbobi suka cire huluna, masinjan nan ya shiga fili. A cikin ɗaki fuskar Babban Sakatare na nan yadda take, amma kowa ya ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi cikin safa.

Mataki na 8: In an tambaya, ja bakinka

Wannan shi ne mafi sauƙi a duk matakan. Ba huda kati, ba lissafi. Shiru kawai za ka yi.

Babban Sakatare ya cire tabarau. "Wane ne wannan?"

"Irin maroƙan nan ne, ranka ya daɗe," in ji Alhaji Tijjani da sauri. "Ba sa jiran gayyata. Yanzu za a kore shi."

"A kawo shi."

Aka kawo tsohon bakin ƙofa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Na'ura na can tana ta zagaye turkenta.

"Tsoho, yaya aka yi ka san kiɗan na'urarmu?"

"Allah ya ba ka nasara, wucewa nake yi, na ji ana ta kira ba a amsawa. Zuciya ta ƙi."

"Kana da wani a nan ne?"

Ɗanasabe ya ɗaga kai ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan ta Rabe, ya wuce ta kamar yadda ya wuce sauran.

"Ban san kowa ba, ranka ya daɗe. Ni ɗan kasuwa ne. Fata nake sayarwa."

Ga kalangu a hammata, ga sandar kiɗa a hannu. Ɗaki ya fashe da dariya, har da Alhaji Tijjani.

Ka gani? An gama maka aiki. Tsohon da kansa ya rufe ramin, ya tattake. Abin da ya rage maka kawai ka yi dariya tare da jama'a, ka danna makunni, ka karɓi tafi, "Malam" ɗinka na nan daram.

Rabe ya yi ƙoƙarin dariyar, ta ƙi fitowa. Tun da yake bai taɓa ganin ubansa ya yi ƙarya ba, yau ga shi durƙushe a kan siminti yana yi dominsa, ana yi masa dariya. Abin ya soke shi a ƙirji, ya ji ya tsani nektai ɗin da ke wuyansa. Na'ura ta zo kan shirunta na kati huɗu, muryarsa ta faɗa ciki, ta fito sarai har lasifikar baranda ba ta da aiki.

"Ranka ya daɗe, mahaifina ne. Sunansa Ɗanasabe mai kalangu, daga Abakpa. Kiɗan nasa ne, ni kwafa kawai na yi."

Dariya ta ɗauke. Alhaji Tijjani ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Tsohon ya dubi ɗansa, sannan ya nuna na'urar da haɓa.

"To kashe ta mana, Rabe. Ai tun ɗazu ya kamata a sauka."

Rabe ya danna. Na'ura ta ƙarasa zagayen da take ciki, ta yi tsit.

Babban Sakatare ya mayar da tabarau. "Madalla," in ji shi. "Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Yanzu a nuna mini shanun."

Wanke hannu

Mai wannan darasi yana sanar da jama'a cewa matakansa lafiyarsu ƙalau. Bakwai sun yi aiki, na takwas kuwa ɗalibi ne ya ƙi bi. Saboda haka in ka gwada ka wayi gari direbobi na kiranka Ɗan Makaɗa, kamar yadda suka kira Rabe tun daga ranar har ya yi ritaya, ba ruwana. In shugabanka ya yi wata guda yana ce maka "kai" ba "Malam", ba ni na aike shi ba. In kuma mai huda kati ta ci gaba da kiranka Malam, har ta ƙara masa nauyi fiye da da, wannan tsakaninku ne, kada a sako ni.

Haka nan ba ni da hannu a abin da ya faru da aka tashi daga aiki. Tsohon na zaune gindin dalbejiya yana jira. Rabe ya fito, ya bar kekensa a jingine, ya durƙusa ya karɓi kalangun daga hannun ubansa ya rataya, da farar taguwarsa da nektai ɗinsa, a gaban duk ma'aikatan da ke fita ƙofa. Tsohon ya shige gaba, ɗan na biye, suka kama hanyar Abakpa a ƙasa. Suka yi tafiya mai nisa. Can tsohon ya waiwayo, ya dube shi, ya share ido da hannun riga kamar wani abu ne ya faɗa masa.

"Shekara huɗu kacal, har ka manta," in ji shi. "Ba a dama ake rataya shi ba. Mayar hagu."

Rabe ya mayar. Wannan ma ba ya cikin matakaina, kada wani ya zo ya ce ni na koya masa.